Daga ina ya kamata a fara karanta tsofaffin labaran Fantastic Four?

Sagiru99:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana a kan Fantastic Four na asali, mujallar labaran zane ta kamfanin Marvel, na zamanin marubuci Stan Lee da mai zane Jack Kirby. Fitowa 102 suka yi tare, kuɗin sayen duka kuwa babu. Dole ne sai an fara daga fitowa ta 1, ko akwai waɗanda za a iya tsallakewa ba tare da zaren labari ya kuɓuce ba? Cikin manyan kundayen da ake sake bugawa, wanne ya fi dacewa? Sannan ana tallan wata fitowa ta 1 a intanet, mai ita ya ce ta 1961 ce, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba. Yaya ake gane ta gaske?

MalamHabu:

Wa alaikumus salam, Malam Sagiru. Ka fara daga ta 1, amma ka san abin da za ka tarar tun kafin ka buɗe, don kada ka yi zaton an yi maka zuzutawar banza.

Fitowa ta 1 ta shiga kasuwa a watan Agustan 1961, ko da yake a bango Nuwamba aka rubuta. Haka al'adar take a Amurka lokacin, ana tura kwanan watan gaba da wata biyu ko uku don mai shago kada ya yi saurin sauke mujalla daga kanta. Mai kamfanin, Martin Goodman, yana cikin matsi. Tun 1957 kamfanin da ke rarraba masa mujallu, Independent News, na gidan DC ne, wato abokan hamayyarsa, kuma sun ƙayyade masa mujalla takwas kacal a wata. Shi ya sa fitowa shida na farko duk bayan wata biyu suke zuwa, sai daga ƙarshen 1962 ta koma wata-wata. Abin da kamfanin ke sayarwa kafin nan labaran dodanni ne da na kaboyi da na soyayya, kuma za ka ga alamar haka ƙarara: bangon fitowa ta 1 ƙaton dodo ne ya faso titi, jaruman huɗu kuma cikin kayan gida suke. Ba su sa kayan jarumta ba sai a ta 3.

Asalinsu shafi biyar ne kawai a tsakiyar fitowa ta 1. Reed Richards masanin kimiyya, Sue Storm budurwarsa, Johnny ƙaninta, da Ben Grimm matuƙi, suka saci hanya suka tashi da kumbon da ba a gama yi wa kariya ba, don su riga Tarayyar Sobiyat. Ka tuna a Afrilun shekarar Yuri Gagarin ya zagaya duniya. Ben ya yi gargaɗi a kan hasken nan mai illa na sararin samaniya, Sue ta kira shi matsoraci, ya fusata ya tuƙa. Suka faɗo ƙasa, Reed ya zama mai miƙewa kamar roba, Sue tana ɓacewa, Johnny yana kamawa da wuta, Ben ya zama mummunar halitta da ba ta iya komawa siffar mutum. Wannan gorin da Sue ta yi shi ne tushen ɗacin ran Ben na shekaru. Wanda ya tsallake shafukan nan ba zai gane me ya sa yake hucewa a kan kowa ba.

Ta 2 ita ce ta Skrull, halittun wata duniya masu rikiɗa. Yadda Reed ya kore su abin dariya ne: ya yanko hotunan dodanni daga mujallun kamfanin, Strange Tales da Journey into Mystery, ya nuna wa shugabansu ya ce su ne masu gadin duniya. Waɗanda suka rage kuma ya juya musu tunani suka zama shanu suna kiwo.

Ta 3 ta kawo kaya masu lamba 4 a ƙirji, da motar sama mai rabuwa gida huɗu, da zanen cikin hedikwatarsu hawa-hawa, da shafin wasiƙun masu karatu. A nan ne kuɗin mujallar ya tashi daga senti 10 zuwa 12. Mugun cikinta, Miracle Man, ba shi da wani armashi, amma a ƙarshe Johnny ya yi fushi ya bar ƙungiyar, kuma wannan ne ya buɗe ƙofar ta 4.

Daga ta 4 zuwa ta 6 ne abin ya kankama, kada ka taɓa tsallake su. A ta 4 Johnny ya ɓuya a wani gidan kwanan marasa galihu a unguwar Bowery ta New York, ya tarar da wani mai buzu-buzun gemu da ya manta ko shi waye. Ya aske shi da wutar yatsansa, sai ga Namor, sarkin ƙarƙashin teku, wanda Bill Everett ya ƙirƙira tun 1939 aka daina jin ɗuriyarsa a shekarun 1950. Ta 5, Yulin 1962, ita ce fitowar Doctor Doom ta farko. Ya kama Sue ya yi garkuwa da ita, ya tura sauran ukun zamanin da cikin na'urarsa su ɗauko masa akwatin dukiyar ɗan fashin teku Blackbeard. Reed ya zazzage dukiyar ya cika akwatin da sarƙoƙi, hujjarsa ita ce akwati aka ce su kawo. A ta 6 Doom da Namor suka haɗa kai, aka cizge ginin Baxter, hedikwatar jaruman, ɗungurungum aka yi sama da shi.

Ta 7 za ka iya wucewa, tsohon salon dodanni ne. Ta 8 ta kawo Puppet Master da Alicia, makauniyar da ta so Ben yadda yake. Ta 9 kuwa, a ganina, ita ce ta fi nuna abin da ya bambanta mujallar da sauran na lokacin: Reed ya zuba kuɗin ƙungiyar a kasuwar hannun jari ya yi asara, aka sayar da kayansu, suka tsaya bakin titi suna neman lif zuwa Hollywood don yin fim, ashe Namor ne mai kamfanin fim ɗin. Jaruman DC na wancan lokaci ba su da matsalar kuɗin haya.

Daga ta 11 zuwa ta 35 tsinta za ka yi. Ɗauki 12 don Hulk, 13 don Watcher, 16 da 17 don Doom, 18 don Super-Skrull, 22 don sabon ƙarfin Sue, 25 da 26 don dambe tsakanin Ben da Hulk, da ta musamman ta shekarar 1964, inda aka ba da tarihin Doom da ƙasarsa Latveria.

BilkiZane:

Malam Habu ya yi bayani mai kyau, sai dai ban yarda da shi a kan farawa daga ta 1 ga kowa ba. Wanda idonsa ya saba da zanen zamani, idan ya buɗe ta 1 ya ga Ben kamar curin laka, Johnny kuma harshen wuta marar siffa, yana iya ajiyewa kafin ya kai inda daɗin yake. Shawarata ka fara daga ta 36 zuwa ta 60, in ta kama ka sai ka koma baya.

Dalili kuwa na sana'a ne. Kirby da fensir yake zane. Wani daban ne ke bi da tawada, kuma layin mai tawada ne ake bugawa, ba na fensir ba. Saboda haka fuskar mujallar tana canzawa duk sanda aka canza wannan mutum, ko da mai zanen bai canza ba. Dick Ayers ya riƙe daga ta 6 zuwa ta 20, ban da ta 13 da Steve Ditko ya yi. Layinsa mai kauri ne da laushi, ya fi dacewa da dodanni. George Roussos, da sunan George Bell, ya yi 21 zuwa 27, kuma ana ganin gaggawa a ciki, fuskoki a murtuke. Chic Stone ya karɓa daga ta 28, layi ya fito tas. Vince Colletta ya yi 40 zuwa 43 da siririn layi, kuma an san shi da rage abubuwan da ke bayan hoto don ya gama da wuri, wanda a aikin Kirby asara ce babba, tunda injinan bayan fage rabin abin kallon ne. Sai ta 44, Nuwamban 1965, Joe Sinnott ya zauna daram. Shi ya taɓa yin ta 5 a baya. Ka ɗora shafin ta 43 kusa da na ta 44 ka dubi jikin Ben: a ta 44 kowane dutse yana da gefensa da inuwarsa, ƙarfe yana sheƙi. Wannan siffar ce mutane ke tunawa idan an ce Kirby.

Abin lura wajen saye: daga ta 36 labarin ya daina ƙarewa a fitowa guda. Ƙungiyar mugaye ta Frightful Four sun bayyana a 36, sun kayar da jaruman a 38, a 39 da 40 ba su da ƙarfinsu sam, Daredevil ne ya taimaka musu a kan Doom, 41 zuwa 43 an juya wa Ben tunani. Nan za ka tsaya ka karanta ta musamman ta 1965, ɗaurin auren Reed da Sue, kafin ka shiga 44. Medusa da ka gani cikin mugaye a 36, a 44 zuwa 47 za ka gane 'yar gidan sarautar Inhumans ce, wani ɓoyayyen jinsi mai baiwa ta musamman, dangin Black Bolt da Crystal.

Kuskuren da mutane ke yawan yi shi ne sayen 48, 49 da 50 kawai, don an ce su ne labarin Galactus, ƙaton nan mai shanye ƙarfin duniyoyi, da ɗan aikensa Silver Surfer. Shafukan farko na ta 48 ƙarshen rigimar Inhumans ne, wanda bai karanta 44 zuwa 47 ba zai rasa gane kan zancen. Ta 50 kuma tun tsakiyarta Galactus ya tafi, sauran shafukan Johnny ne ya shiga kwaleji ya haɗu da Wyatt Wingfoot. Shi Wyatt ɗin ne zai cece su a ta 52. Ta 51 ita kaɗai ce a tsakani da ke tsaye da ƙafarta, labarin wani masanin kimiyya mai hassada da ya sace siffar Ben, kuma mutane da yawa suna ɗaukarta mafi kyau a duka 102.

Ta 52, Yulin 1966, ita ce fitowar Black Panther ta farko, wata uku kafin a kafa jam'iyyar baƙar fatar Amurka mai irin sunan a Oktoba. Ƙasarsa Wakanda ƙirƙirarriya ce, kuma ka shirya ganin Afirka irin ta tunanin Ba'amurken 1966, da bukkoki da masu a gefe guda. Amma dai T'Challa, wato Black Panther, ya fi baƙinsa dukiya da fasaha, shi ya gayyato su ya farauce su ɗaya bayan ɗaya don gwada kansa. A zamanin wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Game da Sue, gara ka sani tun yanzu. A fitowa 21 na farko ɓacewa kawai take iyawa, yawanci ita ake kamawa. Masu karatu sun yi ta rubuto wasiƙu cewa ba ta da amfani, har a ta 11 aka sa Reed da Ben suka kare ta a cikin labarin kansa, kariyar da ta fi zargin ban haushi. Sai a ta 22 aka ba ta garkuwar da ido ba ya gani, da ikon ɓatar da wasu abubuwa. Ko bayan haka kalaman da Lee ke sa mata a baki sukan rage mata daraja fiye da abin da zanen ke nunawa. Ka riƙa duban hoton kafin ka karanta maganar, za ka ga bambancin.

DanAsabe:

Bari in ɗauki tambaya ta biyu da ta uku.

Idan kuɗi ne matsala, jerin Epic Collection ya fi. Bango mai laushi, da launi, kuma an jera na musamman a inda suka dace. Na ɗaya ya ƙunshi 1 zuwa 18. Na biyu 19 zuwa 32 da na musamman biyu na farko. Na uku 33 zuwa 51 da na ɗaurin aure. Na huɗu 52 zuwa 67. In ɗaya tak za ka saya, na uku. In biyu, na uku da na ɗaya. Suna ƙarewa a kasuwa a sake bugawa, don haka in ka ga an tsawwala kuɗi a hannun 'yan gwanjo, ka ɗan jira.

Omnibus ya fi girman shafi, na ɗaya 1 zuwa 30, na biyu 31 zuwa 60, kuma yana ɗauke da shafukan wasiƙu, inda za ka ga gardamar Sue da 'yar'uwa Bilki ta ambata. Illarsa nauyi. Ya haura kilo biyu, kuɗin aikowa daga waje kan kusa kamo kuɗin littafin, kuma in aka jingine shi a tsaye shekara da shekaru nauyin takardun yana janye ɗinkin daga bango. A kwance ake ajiye shi. Masterworks kusan fitowa goma-goma ne, ya fi tsada in ka lissafa a kan kowace fitowa. Essential baƙi da fari ne a takarda mai arha, an daina buga shi, amma wanda ke son nazarin layin tawada ya fi ganinsa a nan. Akwai kuma manhajar Marvel Unlimited mai kuɗin wata. A waya shafukan Kirby masu hoto guda cike da shafi suna matsewa, allo mai faɗi ya fi.

Launin kundayen nan ba daidai yake da na asali ba. A da launi 64 kawai ake da su: shuɗi, ja da rawaya, kowanne a mataki huɗu, babu, kashi 25, kashi 50, ko cikakke, ana buga su ɗigo-ɗigo a kan takardar jarida mai shan tawada. In aka ɗora launukan nan a farar takarda mai santsi sai su yi kau da yawa. Ba lalacewa ba ce, bambancin takarda ne.

Ita kuwa fitowa ta 1 ta intanet, Malam Sagiru, arha ita ce alamar farko. A 2024 an sayar da kwafi mai kyau sosai sama da dala miliyan 2, kuma ko yagaggiya tana kai dubban daloli. An sake buga ta sau da dama: ta 1966 da aka haɗa da faifan garmaho, ta 1991 mai zagayen ruwan azurfa a bango, da ta 2018 mai kama da asali har da tsofaffin tallace-tallace. Ka nemi hoton bangon gaba, da na baya, da ƙasan shafin farko ko cikin bango inda ake rubuta bayanin bugu da ƙananan haruffa. Ta asali tana da farashin senti 10 a bango, ko fenni 9 in ta kasuwar Ingila ce, da ɗan ƙaramin akwati mai haruffan MC. Ta 1966 ba ta da farashi. Ba za ka ga sunan Marvel Comics Group a kusurwa ba, don wannan sai a ta 14 aka fara. A bayanin bugun sunan Canam Publishers Sales Corp. za ka gani. In akwai layukan baƙin lambar kanti, ba ta zamanin ba ce, don sai tsakiyar shekarun 1970 suka shigo mujallun nan. Takardar ciki kuma dole ta yi rawaya ko ruwan ƙasa. Fara fat mai santsi sabon bugu ne.

Ko ta tabbata tsohuwa ce, a ƙirga shafuka. Shafi 32 ne a ciki ban da bango, wato takarda takwas da aka ninka biyu aka ɗinke da fil biyu na ƙarfe. Ta tsakiya ita ke fara ɓallewa. A duba ko an yanke takardar talla, don bayanta sau da yawa labari ne. A duba tsatsa a jikin fil, da gutsurewar gefen dama na bango, wadda ta yi yawa a bugun kamfanin na shekarun nan. Mai tsada irin wannan ba a saye sai wadda kamfanin tantancewa irin CGC ya rufe cikin akwatin roba da makinta, kuma a duba lambar a shafinsu.

In ka samu tsofaffi masu sauƙin kuɗi, ajiya a yanayinmu sai da kula. Takardar jarida tana da sinadarin da ke cin kanta, zafi da haske suna hanzarta shi. Danshin damina yana kawo fumfuna da tsatsa, bushewar hunturu tana sa takarda ta riƙa karyewa a ninki. A sa kowace a ledar ajiya ta Mylar da kwali marar asid a bayanta, a tabbatar an sayi girman na shekarun 1960, don sun fi na yanzu faɗi kaɗan. A jera su a tsaye cikin akwati mai murfi, da ƙunshin sinadarin tsotse danshi, a ɗaga daga ƙasa kuma a nisanta da bango saboda gara. Kada a liƙa salatif a inda ya yage, gam ɗinsa yana ratsa takarda ya bar tabo. Kada a kai a yi mata laminatin, wannan kashe darajarta ne gaba ɗaya.

Sagiru99:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mai tallan ya ƙi turo hoton bangon baya, don haka na haƙura. Saura guda: Hajiya Bilki ta ce maganar da hoton sukan saɓa. Ba mutum biyun tare suke tsara labarin ba?

MalamHabu:

Ba zama ɗaya suke yi ba. Tsarin kamfanin shi ne a tattauna jigon labari a taƙaice, wani lokaci a rubuce, wani lokaci da baki. Kirby ya koma gida ya zana shafi ashirin da wani abu, shi ke yanke yawan hotuna a shafi, wa zai shigo, ina za a tsaya. Daga wajajen 1964 yana rubuta bayani da fensir a gefen takarda. Sai Lee ya karɓa ya rubuta maganganu da bayanan ruwaya, ya nuna inda za a sa su, mai rubutun hannu irin Artie Simek ko Sam Rosen ya rubuta, sannan tawada, sannan launi. Tunda maganar daga baya take zuwa, Lee yana iya karkatar da ma'anar hoto, kuma yakan yi. Silver Surfer misali ne da Lee da kansa ya sha faɗa: babu shi a tattaunawar, a shafukan da Kirby ya kawo ya fara ganinsa.

Wa ya ƙirƙiri ƙungiyar kuwa, kowannensu ya ce shi ne. Masu goyon bayan Lee suna nuna taƙaitaccen tsarin fitowa ta 1 mai shafi biyu da ya buga da tafireta, wanda aka wallafa a fitowa ta 358 a 1991. A ciki Sue ba ta iya dawowa a gan ta, sai ta sa abin rufe fuska. Masu goyon bayan Kirby suna nuna Challengers of the Unknown da ya yi wa DC a 1957, mutum huɗu da suka tsira daga haɗarin jirgi suka zama ƙungiya. Human Torch kuma, laƙabin Johnny, sunan tsohon jarumin Carl Burgos ne na 1939. Kirby ya bar kamfanin a 1970 bayan ta 102, ya rasu a 1994, magadansa suka sasanta da Marvel a 2014.

Abu biyu da za su iya rikita ka a karatu. A Strange Tales, daga ta 101, Johnny yana da nasa labarin shi kaɗai, kuma a farkonsa ana nuna yana ɓoye ko shi waye, alhali a babbar mujallar kowa ya san su. Ba sai ka bi wannan jerin ba, sai dai a can Wizard da Paste-Pot Pete na Frightful Four suka fara fitowa, Sandman kuma daga Amazing Spider-Man ta 4 ya zo. Na biyu, a fitowa ta 2 ka ƙirga Skrull ɗin: huɗu ne suka yi sojan gona, shanu uku aka nuna a ƙarshe. Na huɗun sai tsakanin 1971 da 1972 Roy Thomas ya yi bayanin inda ya shiga, a mujallar Avengers, cikin labarin yaƙin Kree da Skrull.